Mahaɗin da Ke Rufewa Ya Sake Buɗewa: Wata Hikima a Shafukan Intanet

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kammala sakandare a yau, ko a Kabo yake, ko a Garo, ko a Gwarzo, ba makawa hanyarsa ta neman ilimi mai zurfi sai ta bi ta kan shafin intanet. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta baki ɗaya, a 2017 kuma ta fito da tsarin CAPS, inda ɗalibi ke duba ko an ba shi gurbin karatu, sannan ya karɓa ko ya ƙi. Haka nan sakamakon jarrabawar WAEC da na NECO, a intanet ake dubawa. Ke nan kafin ɗan Kabo ya hau motar da za ta bi titin Gwarzo ta sauke shi a ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero, sai ya fara ratsa wasu ƙofofi da ba a gina da bulo ba, waɗanda ake buɗewa da ɗan yatsa.

Waɗannan ƙofofi suna da wata ɗabi'a da ke rikita mutane da yawa. Sai mutum ya danna wani rubutu a kan shafi, nan take rubutun ya dusashe ya koma ruwan toka, ya ƙi amsa dannawa ta biyu. Bayan ɗan lokaci kuma sai ya dawo da launinsa, ya ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Wasu kan ɗauka wayarsu ce ta lalace, wasu kuma su ce shafin ne ya sami matsala. Alhali kuwa sau da yawa da gangan aka yi, kuma domin amfanin mai dannawar aka yi. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin yin haka, da yadda ake yin sa, da kuma inda amfaninsa ya tsaya.

Mene Ne Mahaɗi?

Mahaɗi, wanda matasa suka fi sani da linki, shi ne rubutu ko hoton da ake dannawa a shafin intanet ya kai mutum wani shafin. Bisa al'ada yakan zo da launin shuɗi da layi a ƙarƙashinsa. Shi ne ginshiƙin tsarin da Tim Berners-Lee, wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Ingila, ya gabatar a shekarar 1989 lokacin da yake aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janeba. Burinsa shi ne takardun masu bincike su riƙa nuna wa juna hanya, ta yadda mai karanta ɗaya zai tsallaka zuwa wata ba tare da wahala ba. A 1991 tsarin ya fito fili, a ranar 30 ga Afrilu, 1993 kuma cibiyar ta sakar wa duniya shi kyauta.

Da harshen HTML ake rubuta shafukan intanet. A cikin wannan harshe, mahaɗi yana da sassa biyu: rubutun da ido ke gani, da kuma adireshin da ke ɓoye a bayansa, wanda ake ajiyewa a wani gurbi mai suna href. Rubutun tamkar allon da aka kafa ne a mararraba, adireshin kuwa shi ne garin da hanyar ta nufa. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin zai yi mana amfani a gaba.

Abin da Ke Faruwa Bayan an Danna

Idan aka danna mahaɗi, manhajar da ake buɗe shafuka da ita, wato burauza irin su Chrome ko Firefox ko Opera, takan aika saƙon buƙata zuwa ga babbar kwamfutar da ke ajiye da shafin. Ana kiran wannan kwamfuta sabar, wasu kuma suna ce mata uwar garke. Saƙon yakan tashi daga waya zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, daga nan ya bi wayoyin sadarwa har ya isa inda uwar garken take, ko a Legas, ko a Abuja, ko a ƙetare. Ita kuma sai ta duba buƙatar, ta aikata abin da aka nema, ta maido da amsa.

Ita kanta tafiyar ba ta da nauyi, domin haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya a cikin zaren gilashin da ake aika saƙonni ta ciki. Jinkirin yakan zo ne daga wurare biyu. Na farko shi ne tsakanin waya da ƙarfen sabis, musamman a ƙauyukan da suka yi nisa da babban titi, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Na biyu shi ne cunkoso a wurin uwar garke, kamar ranar da aka saki sakamakon jarrabawa, dubban ɗalibai suka yi mata caa a lokaci guda.

To, a nan ne halin ɗan Adam ke shigowa. Jakob Nielsen, masani kan yadda mutane ke hulɗa da kwamfuta, ya bayyana a littafinsa na 1993 cewa idan na'ura ta amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, mutum zai ji kamar nan take ta amsa. Idan ta kai sakan ɗaya zai lura da jinkiri amma tunaninsa ba zai katse ba. Idan kuwa ta wuce sakan goma, hankalinsa ya soma barin wurin. Mutumin da ya danna bai ga komai ba, me zai yi? Sai ya sake dannawa, ya kuma sakewa. Ga kuma wata ɗabi'a da aka koya a ajin kwamfuta, ta danna linzami sau biyu a jere domin buɗe fayil. Mutane da yawa sukan kawo ta shafin intanet, inda dannawa ɗaya ta wadatar.

Matsalar ita ce, uwar garke ba ta san cewa rashin haƙuri ne ya kawo saƙo na biyu ba. Idan ba a yi tanadi ba, kowace dannawa buƙata ce sabuwa a wurinta. In shafin karatu kawai ake nema, asarar kaɗan ce. Amma idan biyan kuɗi ne, ana iya cire kuɗin sau biyu, uba ya yi ta zirga-zirga tsakanin gida da banki kafin a maido masa. Idan lambar sirri ce ake aikowa ta waya, sau da yawa sabuwar lamba takan soke tsohuwar, sai mutum ya shigar da ta farko a ce ba daidai ba ce, ya sake nema, ya ƙara rikita kansa. Katin duba sakamakon WAEC ma an ƙayyade shi, sau biyar ake amfani da shi, saboda haka dannawa barkatai ba ta dace da shi ba.

Dalilai Uku na Dakatar da Mahaɗi

Masu gina shafuka sukan rufe mahaɗi ko maɓalli na ɗan lokaci saboda ɗaya daga cikin dalilai uku.

Na farko, jiran amsa. Da zarar an danna, sai a rufe har uwar garke ta maido da jawabi. Wannan shi ne maganin biya sau biyu.

Na biyu, jiran lokaci. Misalinsa shi ne rubutun nan mai cewa a sake aiko da lamba, wanda kan dusashe yana ƙirga sakan 30 ko 60 kafin ya buɗe. Ana yin haka ne domin a ba saƙon farko damar isowa, a kuma rage kuɗin da ake kashewa wajen aika saƙonni marasa amfani.

Na uku, jiran sharaɗi. Ɗalibin da ya shiga CAPS alhali ba a ba shi gurbi ba tukuna, zai tarar da maɓallin karɓa da na ƙi duk a dushe, ba sa dannuwa. Sai ranar da aka ba shi gurbi za su farka. Haka kuma a fom da yawa, maɓallin aikawa ba ya buɗewa sai an cike dukkan guraben da suka wajaba.

Manomin rani a gefen madatsar ruwa ta Guzuguzu ya daɗe da sanin wannan hikima. Idan yana ban ruwa, yakan buɗe bakin fangali ruwa ya shiga, in ya ƙoshi ya toshe da ƙasa, ya juya ruwan zuwa na gaba, idan lokaci ya zagayo kuma ya sake buɗewa. In ya manta bai toshe ba, ruwa ya kwanta ya ruɓar da shuka. In ya toshe ya manta bai sake buɗewa ba, ƙishirwa ta kashe ta. Toshewa da buɗewa aiki ɗaya ne mai rabi biyu, kuma haka abin yake a shafin intanet.

Harshen da Ke Ba Shafi Umarni

HTML shi kaɗai ba ya iya wannan aiki. Aikinsa shi ne ya faɗi abin da ke kan shafi: nan kanun magana, nan hoto, nan mahaɗi. Ba ya iya ƙirga lokaci, ba ya iya canza shawara bayan an danna. Wanda ke yin wannan shi ne harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape na Amurka a 1995, inda ya haɗa samfurinsa na farko cikin kwana goma. A 1997 aka daidaita ƙa'idojinsa a ƙarƙashin sunan ECMAScript domin kowace burauza ta fahimce shi iri ɗaya. Duk da kamannin suna, harshe ne dabam da Java.

Muhimmin abin lura shi ne, umarnin JavaScript yana zuwa ne tare da shafin, ya sauka a cikin wayar mai karatu, a can yake aiki. Shi ya sa yake iya rufe mahaɗi nan take, ko da sabis ya yi rauni, tun ma kafin saƙon farko ya isa inda aka aike shi. Burauza takan sanar da shi duk abin da ya auku a kan shafi, kamar dannawa ko rubutu ko isowar amsa, shi kuma ya aikata abin da aka tsara masa game da kowanne.

Yadda Ake Rufewa

A nan akwai wani abin mamaki. Maɓalli a harshen HTML yana da makulli na asali, wato kalmar disabled. Da an liƙa masa ita, burauza da kanta za ta dusasar da shi, ta hana danna shi ta kowace hanya. Mahaɗi kuwa ba shi da wannan makulli. Wanda ya liƙa wa mahaɗi wannan kalma zai ga yana nan yana aiki. Dalili shi ne, tun asali an yi mahaɗi ne domin tafiya daga shafi zuwa shafi, aikin da maimaita shi ba ya ɓata komai. Maɓalli kuwa an yi shi ne domin aikata abu, kamar aika fom ko biyan kuɗi. Saboda haka ƙwararru suna ba da shawarar cewa duk abin da zai taɓa kuɗi ko ya canza bayanan mutum, a ɗora shi kan maɓalli. Sai dai a aikace shafuka da dama suna sa mahaɗi ya yi aikin maɓalli, dole kuma a nemo masa dabarar rufewa. Dabarun da aka fi amfani da su guda uku ne.

Dabara ta farko ita ce cire adireshi. Mun ce mahaɗi allo ne da garin da yake nunawa. Idan JavaScript ya zare abin da ke cikin href tare da gurbin kansa, rubutun zai zauna amma ya daina zama mahaɗi, ba inda zai kai mutum. Sharaɗin wannan dabara shi ne a adana adireshin a wani wuri kafin a cire, domin a mayar da shi daga baya. Tana kuma da wani tarko: idan aka cire adireshin a daidai lokacin da ake karɓar dannawar farko, burauza za ta duba ta ga babu inda za ta, sai ita ma dannawar farkon ta tashi a banza.

Dabara ta biyu ita ce sa mai gadi. Ana barin adireshin a inda yake, sai a ajiye wata 'yar alama a ƙwaƙwalwar shafin mai amsa ɗaya daga biyu, a rufe ko a buɗe. Duk lokacin da aka danna, sai umarnin ya fara duba alamar. In a buɗe take, ya bari a wuce, sannan ya juya ta zuwa a rufe. In a rufe take, ya tare dannawar da wani umarni mai suna preventDefault, wanda ma'anarsa ita ce a hana burauza yin abin da ta saba yi.

Dabara ta uku ta harshen CSS ce, wato harshen da ke kula da ado da launin shafi. Yana da wata ƙa'ida mai suna pointer-events wadda ke sa linzami ko ɗan yatsa ya ratsa ta kan mahaɗi kamar babu shi. Tana da sauƙi, amma rabin rufi ce, domin mai amfani da kibod zai iya isa ga mahaɗin da madannin Tab, ya buga Enter, ya wuce abinsa. An rufe ƙofar zaure ke nan an bar ta baya a hangame.

Ko wace dabara aka ɗauka, wajibi ne a sanar da mai karatu halin da ake ciki. Canza launi zuwa ruwan toka yana taimakawa, amma bai wadatar ba. Ya fi kyau rubutun ma ya canza, ya ce ana aikawa, ko a dakata sakan kaza. Akwai kuma makafi da masu raunin gani, waɗanda ke amfani da manhajar da ke karanta musu shafi da murya. Su launi ba ya gaya musu komai. Dominsu ne ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta tabbatar da tsarin ARIA a 2014. A cikinsa akwai alamar aria-disabled, wadda ke sa manhajar ta faɗa wa makaho cewa wannan abu a rufe yake. Ita alamar sanarwa kawai take yi, ba ta hana dannawa, don haka tare da ɗaya daga cikin dabarun da suka gabata ake haɗa ta.

Yadda Ake Sake Buɗewa

Rufewa ba wuya. Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne wajen buɗewa. Idan lokaci ake jira, akwai wani umarni mai suna setTimeout da burauza ke tanadar wa JavaScript. Ana ba shi abu biyu: aikin da zai yi, da tsawon lokacin da zai jira kafin ya yi. Da kashi ɗaya bisa dubu na sakan yake lissafi, saboda haka 1,000 sakan ɗaya ne, 60,000 kuma minti ɗaya. Yana kama da almajirin da malam ya ce wa ya zo ya tashe shi in an kira sallar la'asar: malam ya ci gaba da harkarsa, yaro yana riƙe da saƙo. Haka shafin ba ya sandarewa yayin jiran. Mai karatu na iya ci gaba da karatu ko cike fom. Sai dai lokacin da aka ba shi mafi ƙarancin jira ne. Idan burauza tana cikin wani aiki, ko mutum ya koma wani shafin ya bar wannan a baya, buɗewar na iya ɗan makara.

Idan kuwa amsa ake jira, to a nan ake bukatar natsuwa. Saƙon da aka aika yana da makoma uku: ko ya yi nasara, ko uwar garke ta maido da kuskure, ko kuma shiru, ba amsa sam, saboda sabis ya ɗauke a tsakiyar hanya. Mai gina shafi da ke zaune a ofis mai intanet mai ƙarfi yakan tuna da ta farko, ya manta da sauran biyun, domin bai cika gamuwa da su ba. Sakamakon haka shi ne ɗalibar da ke Gude ko Durun ta danna, sabis ya ɗauke, maɓalli ya dushe ya ƙi dawowa, ita kuma ba ta san ko saƙonta ya tafi ko bai tafi ba. Ƙa'idar ita ce, duk inda aka rubuta umarnin rufewa, a tabbata akwai umarnin buɗewa a ƙarshen kowace hanya daga cikin ukun, tare da bayani a fili na abin da ya faru. Ga hanyar shiru, sai a ɗaura agogo: in an kai sakan kaza ba amsa, a gaya wa mutum ya duba ko aikin ya shiga kafin ya maimaita, sannan a buɗe masa.

Gwaji a Cikin Aji

Malami na iya nuna wannan duka ba tare da intanet ba. Abin da ake bukata shi ne kwamfuta ɗaya mai burauza da manhajar Notepad. A rubuta waɗannan layuka daidai yadda suke, a adana fayil ɗin da sunan gwaji.html, sannan a buɗe shi. An bar haruffa masu lanƙwasa a cikin sunayen da gangan, domin kada yanayin adana fayil ya jirkita su.

<a id="mahadi" href="#">Sake aiko lamba</a>
<p>An aika sau <b id="adadi">0</b></p>
<script>
var mahadi = document.getElementById("mahadi");
var adadi = document.getElementById("adadi");
var aRufe = false;
var sau = 0;
function bude() {
  aRufe = false;
  mahadi.style.color = "";
  mahadi.textContent = "Sake aiko lamba";
}
mahadi.onclick = function (d) {
  d.preventDefault();
  if (aRufe) return;
  aRufe = true;
  sau = sau + 1;
  adadi.textContent = sau;
  mahadi.style.color = "gray";
  mahadi.textContent = "Dakata sakan 10";
  setTimeout(bude, 10000);
};
</script>

Wannan ita ce dabarar mai gadi. Kalmar aRufe ita ce alamar, bude shi ne aikin buɗewa, sau kuma yana ƙirga saƙonnin da suka fita. A nan mahaɗin ba ya kai mutum ko'ina, aikin maɓalli yake yi, shi ya sa ake tare tafiyar burauza a kowace dannawa, mai gadin kuma ya yanke hukuncin ko a ƙirga saƙo ko kada a ƙirga. A kira ɗalibi ya danna sau goma da sauri. Za a ga adadin ya tsaya a 1. Bayan sakan goma rubutun zai dawo.

Daga nan sai a yi gwaji uku. Na ɗaya, a goge layin da ya fara da if, a sake buɗe shafin a danna sau goma: adadin zai kai 10, wato an biya kuɗi sau goma ke nan. Na biyu, a mayar da layin, a goge na setTimeout: mahaɗin zai rufe ba zai ƙara buɗewa ba. Na uku, a mayar da komai yadda yake, a danna, sannan tun yana a rufe a sabunta shafin. Za a ga ya buɗe nan take, adadin ya koma sifiri. Wannan gwaji na uku shi ne ya kawo mu ga batu na gaba.

Iyakar Wannan Dabara

Tunda umarnin a cikin wayar mai karatu yake zaune, yana hannun mai karatu. Sabunta shafi yana shafe ƙwaƙwalwarsa, wanda ya san kan burauza kuma zai iya cire makullin da kansa cikin ɗan lokaci. Saboda haka rufe mahaɗi asabari ne a bakin ƙofa: yana tsare mai kunya da mai mantuwa, amma ba ya tsare ɓarawo. Tsaro na haƙiƙa a wurin uwar garke yake.

Can ne ake ba kowane ciniki lamba tasa ta daban, ta yadda in buƙata ta zo sau biyu da lamba ɗaya za a gane maimaici ne. Wanda ya taɓa biyan kuɗin makaranta ta Remita ya san lambar RRR mai alƙaluma 12, wadda ke bambanta kowane biya da ɗan'uwansa, kuma da ita ake bincika ko kuɗin ya shiga. Can ne kuma ake ƙayyade yawan buƙatun da mutum ɗaya zai aiko cikin minti. A 2012 har an ware wata lambar amsa, 429, mai nufin buƙatu sun yi yawa. Haka batun gurbin karatu: ko da wani ya yi dabarar farkar da maɓallin karɓa a wayarsa, hakan ba zai ba shi gurbin da ba a rubuta masa a rumbun hukuma ba. Shafi mai inganci yakan haɗa biyun, rufin cikin burauza domin sauƙaƙa wa mutane, binciken uwar garke domin tsare amana.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ɗalibi zai iya ɗaukar wasu ƙa'idoji na aiki. A shafin intanet sau ɗaya ake dannawa. Idan mahaɗi ko maɓalli ya dushe, a karanta abin da aka rubuta a kansa ko a gefensa, a ba shi lokaci. Idan ana tsakiyar biyan kuɗi, kada a sabunta shafi kuma kada a koma baya. In shiru ya yi yawa, a fara duba saƙon banki da lambar ciniki kafin a sake biya. Idan lambar sirri ake jira, a bari ƙirgen ya ƙare kafin a nemi wata, kuma in sun zo da yawa a yi amfani da ta ƙarshe. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ga malamai kuwa, gwajin da ke sama ya ƙunshi ginshiƙan ilimin tsara manhaja guda huɗu a cikin layuka kaɗan: ajiye bayani, gindaya sharaɗi, amsa abin da ya auku, da auna lokaci. Daga cikin ɗaliban da ke zaune a azuzuwan Kabo da Gwarzo a yau za a sami masu gina shafukan makarantu da asibitoci da bankuna na gobe. Suna da wata fa'ida da ba kowane mai gina shafi ke da ita ba, domin sun san yadda sabis ke ɗaukewa mutum yana tsakiyar cike fom. Idan aka koya musu tun yanzu cewa wanda ya rufe shi ke da alhakin buɗewa, kuma a gwada kowane shafi a inda sabis ya fi rauni kafin a sake shi, to jama'ar karkara za su ci moriyar abin da suka gina.